Allurar Kafin Suna

Sau ɗaya tak na taɓa jin Inna ta kira sunan Yaya. Ɗan farinta ne, kuma a gidanmu alkunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. "Wancan" take ce masa, ko "yaron nan", har ya yi gemu, ya ajiye iyali, ya haifi 'ya'ya uku. Ko tuwo za ta ba shi sai ta miƙo mini kwanon ta ce, "Kai wa wancan." Saboda haka da ciwo ya kwantar da shi a daminar 2010, 'yan watanni bayan rasuwar Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, ni na zama hannunta da bakinta a ɗakinsa. Ita takan tsaya ta bayan asabari, ta tambaye ni ko ya sha kunun.

Yaya manomi ne kuma ɗan kasuwar gyaɗa. Da kaka yakan zaga ƙauyukanmu na ƙasar Ajingi, su Toranke da Balare da Gurduba da Kunkurawa, ya auni gyaɗa tiya-tiya, ya haɗa buhuna, ya bi ta Gaya da Wudil ya kai Dawanau. Kafin a ɗinke buhu sai an baje an tsince, domin dillalan birni ba sa karɓar ƙwaya mai baƙi ko wadda ta motse. Mai kyau ta tafi Kano. Tsintar kuwa a gida take zama, a soya ta, a matse mai, a yi ƙuli-ƙuli, a dama kunu. Ba a zubar da abinci a gidan manomi. Ban san iyakar ƙwaya mai ɗaci da na tauna ina yarinya ba. In tofar, in kurkure baki, in sake ɗiba.

Ciwon ya fara masa da nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Ya ce ɗaukar buhu ne. Daga nan abinci ya fita daga ransa, wuyansa ya zurma, idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Kowa ya ce shawara ce, aka jiƙa masa rawaya, aka hana shi maiƙo, aka yi ta kawo masa rake. Da ciki ya fara tasowa alhali sauran jiki yana ƙarewa, sai magana ta canja. Aka fara raɗe-raɗin sammu, ana lissafa abokan cinikinsa. An kira wanzami ya yi masa tsaga a kan cikin, na riƙe fitila. Ban manta da yadda fatar take ƙyalli ba, ta miƙe kamar fatar ganga.

Sai da ya kasa sunkuyawa a salla muka ɗauki mota zuwa wani babban asibiti a Kano. Aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki, aka zuƙe masa ruwa har ya sami numfashi. Likitan, mutum mai sanyin murya, ya kira ni da Kawu gefe. Ya ce hantar ta ƙandare, kuma daji ya riga ya kama ta. Kawu ya ce, "Likita, ai duka-duka wata biyu ke nan da farawa." Ya girgiza kai ya ce, "Baba, ciwon nan ya girmi 'ya'yansa. Tun yana ƙarami ƙwayar take jikinsa." Sannan ya juyo gare ni: "Malama, ku nawa ne a ɗakinku? Duk ku je a gwada ku." Ranar na fara jin sunan ƙwayar cutar hanta nau'in B.

Mun dawo da shi gida. Ya rasu ana tsakiyar cirar gyaɗa, bai cika shekara arba'in ba. A darensa na ƙarshe, wajen asuba, Inna ta ɗaga asabarin ta shigo, ta zauna a inda nake zama, ta dafa goshinsa, ta kira shi da sunan da aka raɗa masa. Sau ɗaya. Ya buɗe ido ya dube ta.

Bayan sadakar arba'in muka bi maganar likita. Mu biyar da muka rage, uku aka samu da ƙwayar, har da ni. Babban ɗan Yaya ma yana da ita. Inna kuwa ta ce ba inda za ta. "Gwajin me? Ni na ba ku. A nonona kuka sha." Ta ware kwanonta da moɗarta, ta daina ɗanɗana wa jikoki abinci, ta daina tauna musu gyaɗa ta sa musu a baki. Ba ta kuka a gaban mutane, domin uwar ɗan fari ba ta yi. Shekara uku tana ɗauke da wannan abu, muna gani tana tsufa a gabanmu, mun rasa abin da za mu ce mata.

Wanda ya sauke mata shi ƙanena ne, wanda a lokacin yake karatun likita a Jami'ar Ahmadu Bello. Ya zo hutun babbar salla da wasu takardu da ya kwafo daga ɗakin karatu, gefensu duk ya yi baƙi saboda tsufan mujallun da aka ɗauko su. Da dare, bayan an ci nama, ya shimfiɗa su a kan tabarma, yana karantawa yana mayar mana da Hausa. Abin da ya fara girgiza ni shi ne sunan garin da ke saman takardar farko: Zariya. A 1977 wani likita ɗan Najeriya, Y. M. Fakunle, tare da abokan aikinsa, cikinsu har da Brian Greenwood, sun wallafa bayani a kan dajin hanta da suke gani a marasa lafiyar wannan yanki namu. A lokacin asibitin koyarwa yana Tudun Wada, tun ba a koma Shika ba. A 1981 kuma Fakunle da M. B. Abdurrahman da wani likita mai suna Hilton Whittle suka fitar da sakamakon gwajin jinin yara da manya a arewacin Najeriya, suna neman wannan ƙwaya. Wato ciwon da ya kashe Yaya an san shi, an auna shi, an rubuta shi a nan kusa da mu tun shi kansa yana yaro.

Whittle ɗin ne ya tsaya mini a rai. Ya yi shekaru a Zariya yana aiki a kan ƙyanda da sanƙarau, sannan ya koma ƙasar Gambiya, inda Greenwood ya karɓi shugabancin cibiyar binciken lafiya a 1980. A can ya ɗauki ƙauyuka biyu, Keneba da Manduwar, ƙauyukan manoman gyaɗa irin namu, ya bi su gida-gida yana gwada iyaye mata da 'ya'yansu. Kafin wannan lokaci, mafi yawan abin da duniya ta sani game da yadda yara suke kamuwa ya fito ne daga Taiwan, inda wani likitan Amurka, Palmer Beasley, ya nuna cewa uwa tana ba jariri ƙwayar a wajen haihuwa. Shi ne kuma ya bi maza 22,707 har ya tabbatar a 1981 cewa masu ɗauke da ita su ne dajin hanta yake kamawa. Amma abin da Whittle ya wallafa a mujallar Lancet a 1983 ya sha bamban: a ƙauyukan nan biyu jarirai 'yan watanni ba su cika samun ƙwayar ba. Sai sun fara rarrafe, sun sauka ƙasa, sun shiga cikin yayyensu da 'yan'uwansu, sannan take bin su ɗaya bayan ɗaya. Yaro ne yake ba yaro.

Ƙanena ya ajiye takardar ya dubi Inna. Ya ce, "Inna, ba a nono ake sha ba. Ba a kwano ba ne, ba a moɗa ba ne. A jini take, ko da ɗigon da ido ba ya gani." Ya lissafa mata: gyambon ƙafa, ƙazwa da ake sosawa har ta fashe, reza ɗaya da ake yanke wa yara biyar farce, askar da ta cire wa wannan belu ta yi wa wancan kaciya. Ya ce ƙwayar tana iya yin mako guda a kan ƙarfe, jinin ya bushe amma ita ba ta mutu ba. Sai na tuna mu shida a kan tabarma ɗaya lokacin sanyi, ƙafafu duk kaushi da tsagewa, da yadda Yaya yake goya ni yana cire mini ƙaya da allura. Inna ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "To, a gwada ni." Aka kai ta bayan salla. Ba ta ɗauke da ƙwayar. Da daddare ta jawo kwanon jikokinta ta sa hannu a ciki.

Ƙanena ya gaya mini cewa a jami'a ana auna nauyin malami da yawan masanan da suka ambaci takardarsa a cikin nasu rubutun. Ba na raina wannan ma'auni, domin da shi ilimi yake hawa kan ilimi. Ni dai abin da na gani da idona shi ne takarda mai shekara talatin ta sa tsohuwa ta koma cin tuwo da jikokinta. Duk sanda aka ce binciken wani ya yi tasiri, wannan daren nake tunawa. Kuma duk sanda na tuna shi sai wani ɓacin rai ya biyo baya, domin jinin da aka gwada a binciken 1981 na 'ya'yan arewa ne, amma sakamakon da Turanci aka rubuta shi, a Landan aka buga shi, ya kwanta a kan kanta. Babu wanda ya kawo mana shi kasuwar Ajingi da harshen da Inna take ji, sai da muka yi sa'ar samun ɗalibin likita a cikin gida. Gida nawa ne suke da wannan sa'a?

Whittle bai tsaya a kan gano hanyar kamuwa ba. A 1984 aka fara yi wa yaran Keneba da Manduwar allurar riga-kafi, aka ci gaba da bibiyarsu shekara da shekaru. A 1986 aka faɗaɗa aikin zuwa Gambiya baki ɗaya, tare da hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa, aka shigar da jarirai fiye da 120,000. Yaran sun girma, sun yi aure, an sake gwada su bayan shekara ashirin da wani abu, aka ga allurar ta kare sama da kashi 90 cikin ɗari daga zama masu ɗauke da ƙwayar. Cikin waɗanda suka riƙe wannan bibiya akwai wata masaniya 'yar Gambiya, Maimuna Mendy. Na ji daɗin ganin suna irin namu a saman takarda irin wannan.

A Najeriya sai a 2004 allurar ta shiga jerin riga-kafin yara da ake yi kyauta. Shekara ashirin tsakanin Keneba da Ajingi. Kuma ta zo mana a mafi munin lokaci, daidai sanda Jihar Kano ta dakatar da ɗigon shan inna daga 2003 zuwa tsakiyar 2004, kalmar riga-kafi ta zama abin tsoro. Gidanmu yana cikin waɗanda suka rufe ƙofa. Yaya da kansa yake tsayawa a zaure ya sallami masu akwatin sanyi, kuma bai yarda a kai 'ya'yansa asibiti don wata allura ba. Ba zan kira shi jahili ba. Mutanen Kano ba su manta da yaran da aka yi gwajin magani a kansu lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai a cikin abin da muka guda har da allurar da za ta tsare ɗansa daga ciwon da shi yake ɗauke da shi bai sani ba.

Maganar gyaɗa ma a wannan hutun ta taso. Ƙanena ya ce fumfunar da take kama gyaɗa da masara in ba su bushe sosai ba tana fitar da wata guba mai suna afalatoksin. An gano ta bayan 1960, lokacin da talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyaɗar da aka ba su. Suya ba ta kashe ta, dahuwa ba ta kashe ta, kuma hanta take nufa. In ta tarar da hantar da ƙwayar B ta riga ta zauna, haɗarin daji yakan ninka sau da yawa, kuma binciken Gambiya ya nuna hakan a jikin mutanen Afirka ta Yamma. Wannan ya fi wuyar karɓa a wajen Inna fiye da gwajin jini. Ta ce, "Yanzu abincin Allah za mu zubar?" Aka ce to a ba awaki, ƙanena ya ce gubar tana fita a nonon dabba. A ƙarshe dai muka koma shanya gyaɗa a kan tampol maimakon ƙasa, ba a ɗura ta a buhu sai ta yi ƙaras, tsinta kuma a haƙa rami a binne. Har yau Inna takan juya baya in ana binnewa.

Na yi aure bayan wannan. Wanda ya fara nemana ya janye da ya ji labarin gwajina, ban kuma riƙe shi a zuciya ba, domin abin da ya sani ke nan. Maigidana kuwa ya je an gwada shi, ba shi da ita, aka yi masa allura uku, aka ɗaura aure. Shi ya sa da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, wadda ta haɗa da ciwon hanta, na yi murna, amma da fargaba. In za a miƙa wa yarinya takarda a ce tana da shi, a bar ta a nan, to an yi mata tambari ne kawai. Dole wanda ya yi gwajin ya ƙara da cewa akwai allurar da za ta kare mijin, akwai wadda za ta kare 'ya'yan, akwai kuma magani irin tenofobir ga wanda hantarsa ta fara taɓuwa. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar. A sahun salla na mutum ashirin da biyar, biyu ke nan. Ba mutanen da za a ware ba ne, mu ne.

Da na sami ciki, lissafin ya juyo kaina. Inna ba ta ba mu ba, amma ni zan iya ba nawa. A wajen awo aka bayyana mini cewa wanda ya kamu yana babba, galibi jikinsa yakan kore ta, amma jaririn da ya karɓa daga uwa a wajen haihuwa, tara cikin goma da ita za su rayu. Maganin abin allura ɗaya ce, a cinya, cikin awa 24 da faɗowarsa, sannan sauran su biyo baya a mako shida da goma da sha huɗu. Na rubuta wannan a bangon littafin awona, na ja masa layi.

Na tafi goyon ciki gida. Naƙuda ta zo bayan isha'i, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, hanya ta yanke. A ɗakin Inna na haihu, a hannun ungozoma, da sabuwar reza da na saya tun watan bakwai na ɓoye a ƙarƙashin matashi. Namiji. Gari na wayewa, tun ba a dafa ruwan wanka ba, na ce a kai shi allura. Gwaggo ta tafa hannu. "Ke 'yar nan, kanki ɗaya? Ɗanyen jariri, ko cibiya ba ta faɗi ba, a fita da shi cikin iska? Ku bari a yi suna mana." Matan da suka zo barka duk suka goyi bayanta. Ni kuwa ba ni da ƙarfin tashi, ba ni da bakin musu da Gwaggo, sai hawaye.

Inna tana bakin murhu tana jin mu. Ta taso, ta wanke hannu, ta shiga ɗaki ta ɗauko zanen goyonta na saƙi da babban mayafi. Ta ce wa Gwaggo, "Yaya, ki yi haƙuri. Miƙo mini maigidana." Ta naɗe shi, ta rungume shi a ƙirji, ta lulluɓe, ta ce wa autanmu ya tayar da babur. Matar da ba ta taɓa yarda ta hau babur ba sai a kan dole. Ina kwance ina jin ƙarar injin tana nisa cikin taɓo.

Sauran labarin daga bakin auta na ji. A ɗakin shan magani na farko aka ce ba ranar allura ba ce, su dawo wani makon. Suka wuce gaba. A na biyu akwai allurar a cikin firji, amma ma'aikaciyar ta yi jim, ta ce kwalbar ta yara goma ce, ba ta son fasa ta saboda yaro ɗaya. Daga baya ƙanena ya gaya mini cewa irin wannan kwalba, in an kiyaye ta da sanyi da tsabta, tana iya kai kwana 28 bayan buɗewa, amma ba kowace ma'aikaciya aka yi wa wannan bayani ba, kuma tsoron a ce ta yi ɓarna take yi. Auta ya ce Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta buɗe mayafin ta nuna mata fuskar yaron, ta ce, "'Yata, ciwon nan na binne wa ɗan farina. Uwar wannan tana da shi. Jiya da daddare aka haife shi. Ba zan mayar da shi haka ba." Ma'aikaciyar ta dube ta, ta juya ta buɗe firjin.

Sun dawo ana kiran la'asar, zanen Inna ya jiƙe da taɓo har gwiwa. Ta ajiye mini shi a gefe, ta ɗora katin a kan cikinsa, ta fita ta hura wutar ruwan wankana.

Ni har yanzu ina zuwa Kano a duba hantata, a ɗebi jini, a yi hoto, kuma zuwa yau lafiya lau. Yaron kuwa sai da ya shekara ɗaya da 'yan watanni muka kai shi gwaji. Da muka dawo na tarar da Inna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗar iri. Na ce, "Inna, babu." Ta ce in ba ta takardar. Ba ta karatun boko, amma ta riƙe ta da hannu biyu ta daɗe tana dubawa, sannan ta ninke ta, ta ɗaure a bakin zanenta. Ta kakkaɓe ɓawon da ke cinyarta, ta sunkuya ta ce masa, "Zo, maigida, hau." Ta goya shi, suka fita zaga dangi.